Gani Ya Daina Korar Ji: Wa Zai Tsaya wa Hoto da Murya a Zamanin Jabu?

A farkon shekarar 2024, wani ma'aikacin sashen kuɗi a ofishin kamfanin Arup da ke Hong Kong ya samu saƙo da sunan babban jami'in kuɗi na kamfanin, wanda ke zaune a Ingila, ana umartarsa da ya tura wasu kuɗaɗe a asirce. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi zargin 'yan damfara ne. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo. Da shigarsa ya tarar da fuskar shugaban nasa da ta wasu abokan aiki da ya sani, kowa da muryarsa da kamanninsa. Nan shakkarsa ta gushe, ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, sau 15 zuwa asusu 5. Daga baya 'yan sanda suka bayyana cewa shi kaɗai ne ɗan Adam a taron. Sauran duka ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙera su. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan ƙa'ida mutumin ya yi aiki: ya ji bai yarda ba, ya gani ya yarda. Ba wauta ya yi ba, ƙa'idar ce ta ci amanarsa.

Tunda irin waɗannan labarai suka yawaita ake ta jin sunaye uku a haɗe a bakin masu tallar fasaha: ƙirƙirarriyar basira, da bulokcen, wato kundin da kuɗin kirifto ke gudana a kansa, da kuma ilimin sirranta saƙo, wanda ya fi su tsufa kuma aka fi mantawa da shi. Ana cewa ta farko ta kawo cuta, na biyu zai kawo magani. Ni dai ban gamsu da wannan rabo ba. Maganin da ke hannu yana cikin na ukun, wato lissafin da ke ba mutum damar buga wa maganarsa hatimin da ba ya kwaikwayuwa. Bulokcen ɗan aike ne, yana da ranarsa, amma ba shi ne ginshiƙi ba. Ko hatimin ma, iyakarsa ya faɗa maka wanda ya yi magana, ya tabbatar ba a taɓa ta ba. Ko gaskiya mai maganar ya faɗa, wannan ba huruminsa ba ne.

Abin da ke fara zuwa wa kowa a rai shi ne, tunda na'ura ce ta ƙera jabun, ai sai a ƙera wata da za ta gano shi. An gwada, sakamakon bai yi armashi ba. A 2020 kamfanin Facebook ya kammala wata gasa ta duniya kan gano bidiyon bogi. Manhajar da ta zo ta ɗaya, da aka jarraba ta da bidiyoyin da ba ta taɓa gani ba, kashi 65 cikin 100 kawai ta ci. A watan Janairun 2023 kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya fito da manhajar gane rubutun na'ura, zuwa watan Yuli ya janye ta saboda yawan kuskure. Matsalar a cikin ginin abin take. Ɗaya daga cikin dabarun da suka haifi fuskokin bogi, wadda Ian Goodfellow da abokan aikinsa suka gabatar a 2014, ita ce a gwara manhaja biyu, ɗaya tana ƙirƙira ɗaya tana kamawa, har mai ƙirƙirar ta ƙware ta daina kamuwa. Ke nan duk sabuwar na'urar ganowa da aka fitar makaranta ce ga mai jabun gobe. Ga shi kuma bidiyon da aka sauke aka sake ɗorawa sau da yawa, ana matse shi ana rage masa nauyi, ya riga ya zubar da 'yan alamun da ake dubawa.

Akwai ɓarna ta biyu da ta fi wannan zurfi. In kowane hoto zai iya zama ƙarya, to kowace gaskiya ma ana iya ƙaryata ta. A ƙarshen 2018 shugaban Gabon na lokacin, Ali Bongo, wanda ya daɗe yana jinya a waje, ya fito a bidiyon gaisuwar sabuwar shekara. Yanayin fuskarsa ya sa wasu suka ce haɗi ne, ranar 7 ga Janairun 2019 kuma wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Ba a taɓa tabbatar da cewa bidiyon na bogi ne ba, zargin kaɗai ya yi aikinsa. Yau mai karɓar cin hancin da aka naɗi muryarsa yana da mafita a shirye: ya ce na'ura ce.

Ilimin sirranta saƙo ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A Bagadaza, a ƙarni na 9, Al-Kindi ya rubuta risala kan warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffa: tunda alif da lam sun fi yawa a Larabci, alamar da ta fi maimaituwa a ɓoyayyen saƙo mai yiwuwa gurbinsu ta tsaya. Daga zamaninsa har bayan yaƙin duniya na biyu matsalar ɗaya ce, makullin da ya rufe saƙo shi ke buɗe shi, don haka dole mai aikawa da mai karɓa su fara raba sirri a tsakaninsu. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na jami'ar Stanford suka nuna ana iya raba makullin gida biyu, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA. Kowa yana da lambobi biyu masu alaƙa, ɗaya ta sirri da ba ta barin na'urarsa, ɗaya ta fili da zai iya liƙawa a ƙofar gidansa. Abin da aka buga wa hatimi da ta sirrin, kowa zai iya tantance shi da ta filin, amma babu hanyar da aka sani ta gano ta sirrin daga ta filin da kwamfutocin da ake da su.

Ga yadda abin yake a aikace. A ɗauki saƙon murya na minti biyu. Wayar za ta zuba duk bayanansa cikin wani lissafi, irin wanda ake kira SHA-256, ya fito da jerin haruffa da lambobi guda 64 cif. Wannan jeri shi ne dangwalen saƙon. In aka yanke kalma ɗaya, ko aka ƙara tari ɗaya, ko aka mayar da "ba zan biya ba" ta koma "zan biya", dangwalen zai sauya gaba ɗayansa. Sai wayar ta ɗaure shi da makullin sirrin mai maganar, abin da ya fito shi ne hatimin. Wanda saƙon ya isa gare shi, wayarsa za ta sake lissafa dangwalen, ta gwada da makullin filin mai maganar, kafin ƙiftawar ido ta ce ya dace ko bai dace ba. Na'urar kwaikwayo tana iya satar amon mutum, da yadda yake jan numfashi, har da Sakkwatancinsa ko Katsinancinsa, amma ba ta da hanyar satar lambar da bai taɓa furtawa ba. Da a ce ba a sakin kuɗin kamfanin nan sai umarni ya zo da irin wannan hatimi, da fuskokin taron ba su tsinana komai ba.

Wannan tunani ne ya sa a watan Fabrairun 2021 kamfanonin Adobe da Microsoft da Intel da Arm da Truepic, tare da BBC, suka kafa ƙawancen C2PA, domin hoto ya riƙa tafiya da tarihinsa. Kyamara ta buga hatimi a lokacin ɗauka; editan da ya datse gefen hoton ko ya ƙara masa haske ya buga nasa a kai, ya rubuta abin da ya yi; gidan jaridar da ya wallafa ya buga na uku. A watan Oktoban 2023 kamfanin Leica ya fitar da M11-P, kyamara ta farko a kasuwa mai wannan tsari. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin isnadi ke nan: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a dangana da tushe. Darasin da malaman hadisi suka gano tun da wuri shi ne ake buƙata yau. Sun ga cewa sarƙa tana iya haɗuwa tsaf alhali a cikinta akwai maƙaryaci ko mai raunin hadda, shi ya sa suka gina ilimi mai zaman kansa na sanin maruwaita, wane amintacce ne, wane ana tuhumarsa, ba su kuma daina auna matanin kansa ba. Lissafi ya ɗauke mana kashin farko na aikin, wato tabbatar da cewa sarƙar ba ta tsinke ba. Kashi na biyu yana nan a wuyan mutane.

Dalili kuwa, kyamara mai hatimi ba ta san abin da aka ajiye a gabanta ba. In mutum ya haɗa hoton bogi, ya buɗe shi a babban allo, ya ɗauki allon da ita, za ta iya buga masa hatimi. In aka tara 'yan wasa aka shirya rikicin ƙarya a bayan gari, hoton zai fito da isnadi lafiyayye. Mai suka zai ce, to ina amfanin? Amfanin shi ne ƙarya ta samu uba. Yau jabu yana yawo ba a san mafarinsa ba, babu wanda za a kama, babu wanda zai ji kunya. In ya zo da hatimi akwai sunan da za a tuhuma, a kai kotu, ko a daina saurara. In kuma ya zo tsirara yana iƙirarin daga babban banki yake ko daga hukumar zaɓe, alhali an san ba sa magana sai da hatimi, ya tona wa kansa asiri. Wannan riba ce babba, ko da ba ta kai alƙawarin masu talla ba.

To ina bulokcen ya shigo? Tushensa ma daga wannan damuwa ya tsiro, kuɗi daga baya suka zo. A 1991 wasu masu bincike biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka nemi hanyar tabbatar da ranar da aka rubuta takardar kwamfuta, tunda ana iya gyara ta a mayar da kwanan wata baya. Dabararsu ita ce a sarƙa dangwale: na yau ya ƙunshi na jiya, na jiya ya ƙunshi na shekaranjiya, ta yadda mai son taɓa tsohon shafi sai ya sake duk waɗanda suka biyo baya. Kamfanin da suka kafa, Surety, tun 1995 ya riƙa buga dangwalen kundinsa mako-mako a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times, ɗan layi na haruffa marasa ma'ana ga mai wucewa, domin babu mai iya bin kwafen jarida gida-gida yana gogewa. Da wanda ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar Bitcoin a watan Oktoban 2008, uku daga cikin ayyuka takwas da ya ambata da hannun mutanen nan biyu a ciki. Abin da ya ƙara shi ne ya maye gurbin jaridar da dubban kwamfutoci da ba su san juna ba, kowace riƙe da kwafen kundin, ana ƙara shafi kusan duk minti goma, ana biyan masu gadi da sabon kuɗi.

Saboda haka abu ɗaya bulokcen ya iya, kuma ya iya shi sosai: ya shaida cewa abu kaza ya wanzu a rana kaza, a siffa kaza, ba tare da an dogara da ma'aji ɗaya ba. Akwai inda wannan ke da daraja ƙwarai. A watan Yunin 2022 cibiyar Starling Lab, ta haɗin gwiwar jami'o'in Stanford da Kudancin Kalifoniya, ta miƙa wa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya hujjoji kan hare-haren da aka kai wa makarantu a birnin Kharkiv na Yukren. An kwaso hotunan daga intanet, aka lissafa dangwalensu, aka rubuta a bulokcen, don in shari'a ta zo bayan shekaru kada lauya ya ce jiya aka haɗa su. A irin wannan hali abokin gabar ƙasa ce mai ƙarfi, mai iya matsa wa kamfani lamba ko kutsawa cikin rumbunsa, don haka rarraba kundin yana da ma'ana.

Daga nan ne talla ke zarce gaskiya. Kundin ba ya tace abin da aka zuba masa, in aka rubuta ƙarya zai tsare ta kamar yadda zai tsare gaskiya. Ayyuka da dama da aka ce sai da shi an tarar sun fi sauƙi in babu shi. Kasuwar hannun jarin Ostireliya ta shafe shekaru tana ƙoƙarin ɗora tsarinta a kansa, ta watsar da aikin a watan Nuwamban 2022 da asarar kimanin dalar ƙasar miliyan 250. Shi kansa C2PA ba ya buƙatarsa. Masu kare bulokcen suna da amsa mai nauyi, bai kamata a raina ta ba: in babu shi, wa zai riƙe rajistar da ke cewa makulli kaza na wane ne? Kamfani ko gwamnati, kuma an ga inda hakan ke kaiwa. A 2011 aka kutsa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, ɗaya daga cikin masu ba da irin wannan shaida, aka buga takardun bogi da sunan Google, aka leƙa saƙonnin mutane a Iran da su. Sai dai a dubi maganin da aka samo. Injiniyoyin Google sun gina kundi na fili mai sarƙaƙƙen dangwale, ana ƙara masa ba a gogewa, kowa na iya dubawa, kuma tun 2018 manhajar Chrome ba ta amincewa da sabuwar shaidar shafin intanet sai an rubuta ta a irin wannan kundi. Dabarar sarƙa dangwale ce tsantsarta, babu ko kwabo na kirifto a ciki, ba a kuma ce kowa ya sayi komai ba.

Inda haɗuwar fasahohin uku ta fi tayar mini da hankali shi ne batun shaidar zama mutum. Hujjar ta fara da gaskiya: in na'ura za ta buɗe asusu dubu, ta yi hira ta yi sharhi kamar mutane, to ana buƙatar hanyar bambance ɗan Adam. A watan Yulin 2023 aka ƙaddamar da Worldcoin, wanda cikin masu shi akwai Sam Altman, shugaban OpenAI. Sun ƙera wata ƙwallo mai sheƙi, girmanta ya kusa na ƙwallon ƙafa, suna kiranta Orb. Mutum zai tsaya ya zuba mata ido, ta ɗauki zanen ƙwayar idonsa ta mayar da shi lamba, a ba shi shaidar cewa shi mutum ne kuma bai taɓa rajista ba, a haɗa masa da kyautar kirifto. A Nairobi dubban mutane suka yi dogon layi a harabar zauren taro na KICC, domin kyautar ta kai kusan shilin 7,000, kimanin dala 50. Ranar 2 ga Agustan 2023 gwamnatin Kenya ta dakatar da aikin. Sifaniya da Fotugal suka bi sahu a watan Maris na 2024, a watan Mayun 2025 kuma babbar kotun Kenya ta ba da umarnin a goge bayanan, tana mai cewa ba a bi doka wajen karɓarsu ba, har da yadda aka jawo yardar mutane da kyautar kuɗi.

Kamfanin yana kare kansa da wani reshe mai ban sha'awa na ilimin sirri, wanda Shafi Goldwasser da Silvio Micali da Charles Rackoff suka assasa a 1985, wato hujjar da ba ta fallasa komai. Da ita mutum zai gamsar da kai cewa ya haura shekara 18 ba tare da ya faɗa maka ranar haihuwarsa ba, ko cewa sunansa na cikin rajista ba tare da ka san wane suna ne ba. Lissafin sahihi ne, ina ma ganin yana cikin mafi alherin abin da fannin ya haifa, domin yau don tabbatar da abu ɗaya ƙarami sai mutum ya miƙa hoton katinsa dungurungum, da adireshi da komai, ga wanda bai sani ba. Amma lissafin yana soma aiki ne bayan ƙwallon ta gama nata. Wa ya ƙera ta? Wa ke da ikon cewa wannan ta gaske ce, waccan ta bogi? Kamfani guda da gidauniyar da ke tare da shi. An yi ta alƙawarin kawar da dillali, sai ga sabon dillali da ba wanda ya zaɓe shi. Makullin da aka sace ana sauya shi, lambar sirrin banki ma haka, ido kuwa biyu ne, su ne har kabari. Kuma ba zan iya kawar da kai daga wannan ba: masana'antar da ta cika intanet da na'urori masu kama da mutane ita ce ta dawo tana karɓar idon talaka a matsayin kuɗin tabbatar da cewa shi ba na'ura ba ne, layin kuma ya fi tsawo a inda dala 50 ke ciyar da gida.

Ƙasa da wannan akwai 'yan damfara zalla, waɗanda suka gane cewa jera sunayen nan a magana ɗaya yana hana mutane tambaya. A watan Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rufe da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya, bayan ya yi musu alƙawarin cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke cinikin kirifto a madadinsu, za ta ninka musu uwar kuɗi cikin wata guda. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ce ba ta yi masa rajista ba, hukumar EFCC ta shiga bincike. Hatta a manyan kasuwanni, in aka bi diddigin sata da wuya a tarar lissafin ne ya karye. A watan Fabrairun 2025 aka kwashe kirifto na kusan dala biliyan 1.5 daga kasuwar kirifto ta Bybit, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Ba a fasa makulli ko ɗaya ba. An gurɓata shafin da jami'an kamfanin ke dubawa, ya nuna musu aiki na yau da kullum, suka sa hannu da makullansu na gaskiya a kan abin da ba shi suke gani ba. Bulokcen ya zartar, domin a wurinsa hatimi ya cika, kuma ba shi da ofishin da ake kai kuka a mayar da kuɗi. A nan ne haɗarin ƙirƙirarriyar basira yake na gaske: tana sauƙaƙa yaudarar mai riƙe da makullin, da wasiƙa mai daɗin lafazi a kowane harshe, da muryar maigida, da fuskar ɗan'uwa.

Fasa makullin kansa kuwa ba aikinta ba ne. Ƙarfinta a tsintar salo ne cikin bayanai, kamar yadda Al-Kindi ya yi da haruffa, tsarin sirri na zamani kuma an gina shi musamman don kada ya bar salon da za a bi. Barazanar da masana suka ɗauka da gaske ita ce kwamfutar kwantam, wadda Peter Shor ya nuna tun 1994 cewa in ta girma za ta warware RSA da danginsa. Ba a kai ga ƙera mai wannan ƙarfi ba, kuma a watan Agustan 2024 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin tsare-tsare uku da aka yi don jure mata.

Sukar da ta fi kowace nauyi daga masu kare haƙƙin ɗan Adam take fitowa. Kyamarar nan ta Leica ta haura dala 9,000. Mai ɗaukar bidiyon zalunci a ƙauye da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ba shi da ita, ko yana da ita ma, hatimin da ke ɗauke da sunansa da wurin da ya tsaya na iya zama takardar kama shi. In duniya ta saba da cewa duk abin da ba shi da hatimi ƙarya ne, an ba gwamnatoci da manyan gidajen jarida bakin magana ke nan, an toshe na talaka. Wannan gaskiya ce, ita ce kuma ke nuna yadda ya kamata a raba nauyin. Wajabcin hatimi a kan masu iko ya kamata ya hau: banki, da hukumar zaɓe, da rundunar tsaro, da fadar gwamnati, da gidan rediyo, da duk wanda sanarwarsa ke iya motsa kuɗi ko tayar da gari. Su ake kwaikwaya, su ke da halin yi. Ga ɗan ƙasa ya zama ganin dama, a kuma ba shi hanyar tabbatar da cewa hoton daga kyamara ya fito ba a taɓa shi ba, ba tare da ya bayyana ko shi wane ne ba. Hujjar da ba ta fallasa komai ta dace da irin wannan buƙata. Rashin hatimi kada ya zama hukunci, ya zama dalilin bincike irin wanda 'yan jarida suka saba: a nemi wanda ya ɗauka, a dubi inuwa da fasalin wurin, a samo shaida na biyu.

Abin da ya rage ba na lissafi ba ne. Tun watan Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp ke tafiya a kulle daga waya zuwa waya, da makullai irin waɗanda Diffie da Hellman suka zana, har a wayoyi mafi araha, mai wayar bai ma san ana yi ba. Wayar da ke aljihun mai sayar da kati ta isa ta tantance hatimi. Cikas ɗin shi ne dandalan sada zumunta da yawa suna kankare bayanan da ke maƙale da hoto a lokacin ɗora shi, sarƙar ta tsinke daidai inda jama'a ke kallo. Tarayyar Turai, a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta tanadi cewa dole a riƙa yi wa hoto da murya na haɗi alamar da na'ura za ta iya karantawa. Kamfanonin da za su bi wannan doka a Faransa da Jamus su ne dai masu manhajojin da ake amfani da su a Kano da Damagaram, kuma babu abin da zai hana hukumomin sadarwa da na kare bayanai na ƙasashenmu su nemi a kunna wa mutanensu abin da aka kunna wa na can.